Yadda ake gwajin asid da ƙarafa a makaranta, mataki-mataki

Tun da zangon karatu ya kankama, malaman kemistiri da ɗaliban SS2 da SS3 suke ta aiko da tambaya iri ɗaya: ta yaya za a yi gwajin asid da ƙarfe a makarantar da ba ta da cikakken ɗakin gwaji, me za a saya, kuma ta ina haɗarin yake? Wasu sun ce sun haddace cewa ƙarfe da sirkakken asid suna ba da gishiri (na kemistiri, ba na miya ba) da iskar haidirojin, amma ko sau ɗaya ba su taɓa ganin kumfar da idonsu ba. Wannan ya dame ni, domin aikin ba ya cikin masu tsada, kuma ɗalibin da ya riƙe kwalba ya ji ta yi ɗumi a hannunsa ba ya mantawa ranar firaktikal na WAEC ko NECO. Gani ya kori ji. Ga yadda ake yi daga farko har wanke kaya.

1. Haɗa kaya

Idan ajin ya kai ɗalibai 60, a raba su rukuni 12, mutum biyar-biyar. Kowane rukuni yana buƙatar kwalaben gwaji guda 6 da mazauninsu, bika ɗaya, silindar awo ƙarama ko sirinji na ml 10 wanda aka cire wa allura, guntun samfefa, ashana, da tsinkayen tsintsiyar kwakwa busassu. Tabaran kariya kuwa na kowa da kowa ne. Idan kuɗin makaranta bai isa a sayi komai ba, ni a ganina gara a rage yawan kwalabe a sayi tabarau, saboda kwalba ana maye gurbinta, ido kuwa babu na saye.

Asid biyu kawai ake nema: haidirokulorik, wato HCl, da salfurik, wato H₂SO₄. Shagunan kayan kimiyya na manyan garuruwa suna sayar da tsantsarsu a kwalba mai cin lita 2.5. A nan ne yawancin kuɗin zai tafi, amma ku duba lissafin: kwalba ɗaya ta HCl tana ba da kusan lita 29 na sirkakken da ɗalibai za su yi aiki da shi, alhali aji guda bai wuce ya ci rabin lita ba. Makarantu biyu ko uku na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su raba.

Ƙarafan su biyar ne. Zaren magnisiyam shi kaɗai ne dole sai an saya, ana sayar da shi a naɗe, naɗi ɗaya kuma yana kai shekaru. Sauran huɗun duk suna gida ko kasuwa: alminiyam daga takardar foyil ta naɗe abinci, baƙin ƙarfe daga ƙananan ƙusoshi ko soson waya na wanke tukunya, jan ƙarfe daga wayar wuta, tutiya kuma daga jikin tsohon batirin tocila.

Gargaɗi kan batir: batirin tocila na gargajiya kaɗai ake buɗewa, irin su Tiger Head, mai sandar gawayi a tsakiya da gwangwanin tutiya a waje. Malami ne zai buɗe, da safar hannu, ya kwashe baƙin garin da ke ciki ya wanke gwangwanin tas, domin garin nan idan ya haɗu da HCl mai ƙarfi yana fitar da iskar kulorin mai guba. Batirin da aka rubuta wa alkalin, da na waya, da duk wani mai caji, kada a kuskura a fasa su.

Sai bokiti biyu cike da ruwa mai tsabta a cikin ɗakin, da moɗa, da garin kanwa ko bekin soda. Makarantu da yawa famfonsu ba ya kawo ruwa, don haka kada a buɗe kwalbar asid sai ruwan nan yana ajiye a inda hannu zai kai.

2. Sirka asid

Wannan matakin na malami ne shi kaɗai, kwana ɗaya kafin darasi, tagogi a buɗe, babu ɗalibi a kusa. Shi ne wuri mafi haɗari a duk aikin.

Da farko karanta takardar jikin kwalbar. Za ka ga kashi nawa cikin ɗari ne asid ɗin, da kuma nauyin kowane ml. Tsantsar HCl yawanci kashi 36 ce, nauyinta 1.18. A ninka 10 da 36 da 1.18, a raba da 36.5, wato nauyin mol ɗaya na HCl, za a samu kusan mol 11.6 a kowace lita (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari). Tsantsar H₂SO₄ kashi 98 ce, nauyinta 1.84, wanda ya ba da mol 18.4 a lita. Daga nan sai lissafin nan da kowane ɗalibin SS2 ya sani, C₁V₁ = C₂V₂, inda C ke nufin ƙarfin asid, V kuma yawansa, kafin sirki da bayansa.

Don samun lita 1 ta HCl mai ƙarfin 1 M, wato mol 1 a kowace lita, ana buƙatar ml 86 na tsantsar. Don lita 1 ta H₂SO₄ mai ƙarfin 1 M, ml 54. A zuba ruwa kamar ml 600 a babbar bika tukuna, a ajiye bikar a cikin roba mai ruwan sanyi, sannan a riƙa tsiyaya asid ɗin kaɗan-kaɗan ta jikin sandar gilashi ana juyawa. Idan ya huce a cika da ruwa zuwa lita 1.

Gargaɗi: asid ake zubawa cikin ruwa, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid. Salfurik idan ya haɗu da ruwa yana haifar da zafi mai yawa. Ɗan ruwan da ya faɗa kan tsantsarsa nan take yake tafasa, ya fantsamo da asid ɗin zuwa fuska. Taɓa gefen bikar lokacin da kake sirkawa yadda ya kamata, za ka ji zafin da ake magana a kai.

Wasu suna tambaya ko ruwan batirin mota zai wadatar, tun da shi ma salfurik ne. Sabo fil wanda bai taɓa shiga batir ba zai iya, amma ƙarfinsa yana kai mol 4 zuwa 5 a lita, don haka sai an sirka kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu. Wanda aka tsiyayo daga tsohon batir yana ɗauke da dalma, ba ya shiga hannun yara. Ruwan sirki kuma, tataccen ruwan da masu cajin batir suke sayarwa shi ya fi. Ruwan leda zai yi aiki a gwajin kumfa, amma zai iya rikita gwajin mataki na 7.

3. Gyara ƙarafan

Rabin gwaje-gwajen da suke ƙin yi, a nan aka ɓata su. Kowane ƙarfe da ya daɗe a iska yana da wata fata a kansa, kuma asid fatar zai fara tararwa.

Zaren magnisiyam da ya kwana biyu a kabad yakan yi toka-toka, har ya yi baƙi. A goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli, sannan a yanka shi santimita 2-2. Ƙusa a goge tsatsarta gaba ɗaya, domin tsatsa tana narkewa ta rina ruwan ya zama rawaya, ɗalibi ya rubuta launin da ba shi ba. A kuma guji ƙusar rufin kwano mai fari-fari, an lulluɓe ta da tutiya, za ta yi kumfa da sauri ta sa yara su ɗauka baƙin ƙarfe ya fi yadda yake kuzari. Soson waya a wanke shi da sabulu a ɗauraye, saboda maiƙon da ake shafa masa.

Wayar wuta tana buƙatar ido. Akwai wayoyi masu araha a kasuwa waɗanda cikinsu alminiyam ne ko baƙin ƙarfe, jan ƙarfen shafe ne kawai a sama. Yanke wayar ka dubi bakin yankan: idan tsakiyar fara ce, ajiye ta. Kara mata maganaɗisu, idan ta kama, ita ma ajiye ta. Wayar da aka warware daga kwayil na fanka ko injin tana da fenti marar launi a jikinta, sai an kankare.

A yi ƙoƙari guntayen su zo kusan girma ɗaya. Idan aka gwada garin baƙin ƙarfe da dunƙulen tutiya, garin zai yi kamar ya fi sauri, alhali yawan fuskar da asid ke taɓawa ne ya jawo haka.

4. Zuba ƙarfe a asid

Kafin a raba asid, a duba shigar ɗalibai. Hijabi a cusa shi cikin rigar lab ko a ɗaure shi ta baya, hannun riga mai faɗi a naɗe, kowa da rufaffen takalmi. Za a kunna wuta nan gaba kaɗan, yadin hijabi kuma yana saurin kamawa.

A jera kwalabe biyar, a rubuta Mg (magnisiyam), Al (alminiyam), Zn (tutiya), Fe (baƙin ƙarfe), Cu (jan ƙarfe) a jikinsu. A zuba ml 5 na HCl mai 1 M a kowacce. Asid ɗin ake fara zubawa, sannan a saki ƙarfen ya zame ta gefen kwalbar a karkace, kada ƙusa ta faɗa tsaye ta fasa gindin. A sa ɗaya bayan ɗaya, ana ba kowanne minti biyu ko uku na kallo, ana rubutawa nan take.

Magnisiyam ba ya jira. Yana taɓa asid zai hau tsuwwa, kumfa ta lulluɓe shi ta ɗago shi sama yana yawo a kan ruwan, cikin minti ɗaya ko biyu ya ɓace ɗungurungum. Ruwan ya kasance garau ba launi. A sa kowane ɗalibi ya taɓa gindin kwalbar da bayan yatsa ya ji ɗumin, wannan ita ce shaidar cewa haɗuwar tana fitar da zafi.

Tutiya tana bi a hankali. Ƙananan kumfa za su taru a jikinta, su riƙa tashi jere-jere ba tsayawa, fuskar ƙarfen ta yi duhu. Idan tutiyar mai tsabta ce sosai takan yi nawa. Ɗigo biyu na ruwan CuSO₄, wato gishirin jan ƙarfe mai shuɗi, zai tashe ta, domin jan ƙarfen da zai kwanta a kanta yana sauƙaƙa fitar iskar.

Baƙin ƙarfe sai an yi haƙuri. Kumfar ƙanana ce ƙwarai, sai an ɗaga kwalbar an kalle ta ta hasken taga. Bayan minti 15 zuwa 20, musamman da soson waya, ruwan zai fara komawa kore-kore mai haske. Za a ji wani ɗan wari marar daɗi. Ba na haidirojin ba ne, ita ba ta da wari. Ƙazantar da ke cikin ƙarfen kasuwa ce, irin su farar wuta, take haifar da shi. A bar tagogi a buɗe, kada kowa ya kai hanci bakin kwalba.

Alminiyam shi ne mai ruɗa aji. A jerin kuzarin ƙarafa yana sama da tutiya, amma a kwalba zai kwanta shiru kamar ba abin da ya shafe shi. Fatar Al₂O₃ da iska ta haifar a kansa siririya ce amma a manne take, sai asid ya cinye ta kafin ya kai ga ƙarfen. A asid mai 1 M hakan na iya cin darasin gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne malami ya nuna wannan a gaban aji da HCl mai 2 M, da foyil wanda bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Bayan 'yan mintuna kumfa za ta fara, sai ta ƙaru, kwalbar ta yi zafi, ruwan ya yi toka-toka yana tafarfasa.

Gargaɗi: kada shirun alminiyam ya sa a ƙara foyil ko a toshe kwalbar. Duk abin da aka ƙara zai tashi lokaci ɗaya, zafin ya ƙara masa gudu, ya yi ambaliya. A watannin Maris da Afrilu, da ɗaki ke kai digiri 38 ko fiye, komai yana saurin tashi fiye da yadda littafi ya faɗa, don haka a rage girman guntayen.

Kwalbar jan ƙarfe ba za ta yi komai ba, ko an bar ta har a tashi. Malamai da yawa suna tsallake ta don suna ganin ɓata asid ne. Ni kuwa ina ganin ita ce ta fi sauran koyarwa, domin ita ce take nuna cewa ba kowane ƙarfe ne yake iya korar haidirojin daga asid ba, sai wanda yake sama da ita a jerin: K, Na, Ca, Mg, Al, Zn, Fe, Sn, Pb, sannan H, sannan Cu, Hg, Ag, Au a ƙasa. Yaron da ya zauna minti 20 yana jiran kumfar da ba ta zo ba, ba zai rubuta wa jan ƙarfe lissafin ƙarya a jarrabawa ba. Idan ruwan ya ɗan yi kore ko shuɗi ba tare da kumfa ba, wayar ce ba a goge da kyau ba, dattin samanta ne ya narke.

Idan lokaci ya rage a maimaita da H₂SO₄, a ga cewa jerin bai canja ba.

Abubuwa uku ba sa shiga wannan gwajin. Sodiyam da fotasiyam ba a haɗa su da asid ko kaɗan, fashewa suke yi. Dalma guba ce, kuma ko an sa ta, gishirinta, PbCl₂ ko PbSO₄, da ba sa narkewa sosai za su rufe ta aikin ya tsaya. Haka kalsiyam yake yi a salfurik. Asid naitirik kuma, HNO₃, hanyarsa daban ce: maimakon haidirojin yakan ba da iskokin naitirojin, ciki har da NO₂ mai launin ƙasa-ƙasa wadda take lalata huhu, kuma yana cin jan ƙarfe ma. A bar shi a kabad.

5. Tabbatar da iskar

Kumfa kaɗai ba ta isa hujja ba. Kanwa ma tana kumfa a asid, ɓawon ƙwai ma haka, amma iskar da suke bayarwa CO₂ ce, wato kabon dayoksaid.

A ɗauki sabon guntun magnisiyam a sa a ml 5 na asid, a kifa busasshiyar kwalbar gwaji a kan bakin ta farkon, baki da baki. Haidirojin ta fi iska sauƙi nesa ba kusa ba, don haka sama take hawa ta taru a kwalbar da aka kifa. Bayan daƙiƙa 20 zuwa 30 a ɗaga ta saman, har yanzu bakinta yana kallon ƙasa, a toshe da babban yatsa, a matsa taku biyu daga teburin. Wani ɗalibi ya kunna tsinke, a cire yatsa a kai harshen wutar bakin kwalbar. Za a ji ƙara siririya mai kaifi, fyut! Idan aka duba cikin kwalbar da kyau za a ga ɗan raɓa a jikin gilashin, ruwan da ƙonewar ta haifar ke nan: 2H₂ + O₂ → 2H₂O.

Idan ƙarar ba ta fito ba, ɗayan uku ne. Ko an juya bakin kwalbar sama iskar ta gudu, ko an yi jinkirin kunna tsinken, ko an yi amfani da tsinke mai garwashi maimakon mai harshen wuta. Mai garwashi na gwajin oksijin ne, kuma ɗalibai suna yawan musanya su a rubutu. Da ƙusa ko tutiya iskar ba ta taruwa da sauri, sai a jira minti biyar ko fiye.

Gargaɗi: haidirojin tana kama wuta idan ta kai daga kashi 4 zuwa kashi 75 cikin ɗari na iskar wuri. Cikin kwalbar gwaji ɗaya ƙara ce kawai, amma cikin babbar kwalba mai siririn wuya fashewa ce da tartsatsin gilashi. Kada a kai wuta bakin kwalbar da ake haɗa iskar a ciki ko bakin tiyon da ya fito daga ita. Kada kuma a bari yara su cika balan-balan ko gorar lemo da ita don wasa.

Yana da kyau a sa ɗan garin kanwa da asid a kwalba ta shida a gwada iskar da tsinke mai wuta. Wutar za ta mutu, ba ƙara. Ganin biyun a jere yana raba wa ɗalibi su har abada.

6. Auna yawan iskar

Wannan na 'yan SS3 ne, kuma shi yake haɗa kwalba da lissafin mol. Idan ma'auninku ba ya kama ƙaramin nauyi, ku auna mita ɗaya ta gogaggen zaren magnisiyam, ku raba, ku yanko tsawon da zai ba da giram 0.05.

A cika silindar awo ta ml 100 da ruwa, a kifa ta cikin roba mai ruwa ba tare da iska ta shiga ba. A zuba ml 25 na HCl a ƙaramar kwalba mai toshiyar roba da aka huda, a haɗa ta da sabon tiyon ƙarin ruwa na kemis, ɗaya bakin ya shiga ƙarƙashin silindar. A jefa magnisiyam a toshe nan take. Idan kumfa ta ƙare a daidaita ruwan cikin silindar da na robar, a karanta.

Lissafi ya ce giram 0.05 a raba da 24, nauyin mol ɗaya na magnisiyam, ya ba da mol 0.00208, a ninka da ml 22,400, wurin da mol ɗaya na iska yake cikawa, a samu kusan ml 47. Amma wannan a sifirin digiri ne. A ɗaki mai digiri 35 iskar tana buɗewa zuwa kusan ml 53, ga tururin ruwa da yake ƙara mata yawa. Don haka idan ɗalibi a Sakkwato ko Maiduguri ya karanta hamsin da 'yan kai, bai yi kuskure ba, sai a sa shi ya mayar da adadin da dokar iska. Idan kuwa ya samu ƙasa da 40, toshiyar tana yoyo ko an yi jinkirin rufewa.

7. Gane gishirin da ya rage a ruwan

Ƙarfen da ya ɓace yana nan a narke. A tsiyaye ruwan kowace kwalba a wata mai tsabta, a riƙa ɗiga ruwan NaOH, wato sodiyam haidiroksaid mai kashe asid. Ɗigon farko ba za su nuna komai ba, saboda ragowar asid suke kashewa, a ci gaba.

Ruwan baƙin ƙarfe zai ba da gudaji kore mai datti-datti, wanda samansa yake komawa ruwan ƙasa idan ya sha iska. Na magnisiyam fari ne, kuma ba ya narkewa ko an ƙara NaOH. Na tutiya da na alminiyam dukansu farare ne masu yauƙi, dukansu kuma suna narkewa idan NaOH ya yi yawa. Ruwan amoniya ne yake raba su: na tutiya yana narkewa a cikinsa idan an ƙara, na alminiyam ba ya narkewa. Irin waɗannan gwaje-gwajen su ne cikon ɓangaren gane sinadarai na firaktikal, don haka kada a zubar da ruwan kafin a yi su. NaOH ya fi sirkakken asid illa ga ido, tabarau su zauna a fuska.

8. Fitar da gishirin a bushe

A zuba ml 25 na H₂SO₄ mai 1 M a bika. Lissafi ya nuna giram 1.6 na tutiya zai cinye shi, amma a sa giram 3. Da gangan ake sa ƙarfen ya yi rara, don kada asid ya rage. A ɗiga CuSO₄ sau biyu, a ajiye bikar cikin kwanon ruwan zafi, nesa da kowace wuta tun da haidirojin tana fita. Sai kumfa ta tsaya cak, ga kuma ragowar tutiya a ƙasa, sannan a tace da mazurari da takardar tacewa. Wannan na iya kaiwa washegari.

A ɗora ruwan da aka tace a kan tururin tukunya har ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku. A tsoma sandar gilashi a ɗaga. Idan ƙananan ƙwayoyi sun fito a jikinta da ta huce, a sauke. A rufe da takarda mai huji-huji saboda ƙura, a bar shi ya kwana. Za a tarar da dogayen ƙwayoyi masu sheƙi na gishirin tutiya, ZnSO₄·7H₂O, mafi yawan abin da za a iya samu kusan giram 7.

Gargaɗi: kada a ƙafe ruwan ƙaf a kan wuta. Gishirin zai riƙa tsalle, ruwan da ke cikin ƙwayoyin ya fita, a ƙare da farin gari. Idan kuma asid ya rage, ƙafewar tana mayar da shi mai ƙarfi. Da hunturu, bushewar iska tana taimakawa wajen fitar ƙwayoyin, amma idan aka bar su a buɗe kwana biyu za su yi fari su rugurguje, don haka da sun bushe a tsakanin takardun tacewa a rufe su a kwalba.

9. Rubutu

A ja layi gida uku: abin da aka yi, abin da aka gani, abin da hakan ke nufi. Kuskuren da ya fi cin maki shi ne a rubuta sunan haidirojin a gidan abin da aka gani. Ido bai ga haidirojin ba. Ya ga kumfa, iska marar launi, kunne ya ji ƙara da aka kai wuta. Sunan iskar a gida na uku yake zama.

Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂
Zn + H₂SO₄ → ZnSO₄ + H₂
Fe + 2HCl → FeCl₂ + H₂
2Al + 6HCl → 2AlCl₃ + 3H₂

A lura da na baƙin ƙarfe: FeCl₂ ne, ba FeCl₃ ba, kuma koren launin da aka gani a kwalba shi ne shaidarsa. Iskar kullum H₂ ake rubuta ta, ba H tilo ba. Na alminiyam shi ya fi ba ɗalibai wuya wajen daidaitawa, a sa su ƙirga ƙwayoyin kowane ɓangare da kansu.

10. Idan asid ya zuba, da kuma kwashe kaya

Idan ya taɓa fata, ruwa mai yawa nan take, a cire rigar da ta jiƙe. Idan ido ne, a buɗe fatar idon a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti ko da yaron ya ce ya daina jin zafi. Kada a shafa manja, man goge baki, ƙwai ko kanwa a wurin. Kanwa da soda don asid ɗin da ya zube a tebur ko ƙasa ne: a barbaɗa a kan abin da ya zube har kumfa ta daina, a kwashe da tsumma mai ruwa.

Bayan darasi a tara duk ruwan kwalabe a bokiti ɗaya ta cikin rariya, don a tsame guntayen ƙarfe. Jan ƙarfe da ragowar tutiya a wanke a shanya, za su sake aiki. A zuba kanwa a bokitin kaɗan-kaɗan har ta daina kumfa, a ƙara ruwa mai yawa, a zubar a magudanar ɗakin gwaji ko ramin da aka tanada, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Ragowar asid a mayar da shi kwalbar da aka rubuta wa suna, ƙarfi da kwanan wata. Kada a taɓa ajiye shi a gorar ruwa ko ta lemo, ko na minti biyar ne, domin kamarsa ɗaya da ruwan sha. Tsantsar HCl tana hayaƙi a lokacin zafi, hayaƙin kuma yana cinye makulli, ma'auni da naɗin magnisiyam idan suna kabad ɗaya. A ajiye ta a ƙasa, a inuwa, cikin roba mai yashi, ƙarafan kuma a wani kabad daban, mabuɗin yana hannun malami.